Ƙanzon da Ba a Kankarewa

Lahadi, da hantsi

Kai mai leƙen kayen tsofaffi, littafin rubutuna, tunda ka buɗe ba da izinina ba, sai ka amsa kafin ka wuce. Mene ne abin da in ya shiga wuta ba ya ramewa, sai dai ya ƙara nauyi, kuma wutar da ta zo cin shi ita ke ɗinka mashi rigar da za ta hana ta cin shi?

Kar ka yi gumi, ni ma ban sani ba. Umaima ce ta ɗaura mani shi, jikata, ɗiyar Mamudu, wadda ke karatun dokta a ƙasar Turawa. Ba doktan allura ba, doktan duwatsu. Na ce tubali, ta ce a'a. Na ce tukunyar ƙasa, ta ce tukunya raguwa take in an gasa ta. Na ce to Iblis ne. Ta yi dariya har ta ƙware da kunu, ta ce, "Iya, ki ba ni gari kawai in faɗa maki."

Ni Zara'u, da na cinye garuruwan yaran unguwar nan tun daga Gazawa har Damagaram, in ba ɗiyar jiya gari? Na ce ta jira, zan gano da kaina.

Gaisuwa ta zo yi mani nan Tasawa, ta kwana kaɗan ta koma. Sai abin nan na sojoji ya faru a Yamai. Jirgi ba ya tashi, hanya a rufe, kuran ma, wutar lantarki, ya tafi bai yi mana sallama ba. Mazan gari sun kafa kunnuwa a rediyo. Ni dai an bar mani jikata, ban ce komi ba.

Talata, bayan azahar

Ta fiddo duwatsun nata daga wani gwangwani mai auduga. Ƙanana ne kamar maɓallin riga, amma da nauyi. Ta ce garin wani ma'adini ake matsewa a gasa. Na ce a yi mi da su? Ta ce irin su ake son sakawa a hancin jirgin da ke fita sama ya dawo, saboda iska na gogar shi har ya yi ja kamar garwashi, ƙarfe ba ya iya jurewa. Na ce wanda ya fita sama mi ya dawo da shi, an kore shi ne?

Daga nan za ta wuce da su wani gari can, inda ke da madubin da ke maida ƙuma giwa. Tunda ba hanya, gobe za ta ɗauki hotonsu da salula ta aika ma malamarta.

Ta jera su bisa farin farantina na baƙi. Kai, ka ga ƙazanta! Wasu da farin ɓawo kamar kanwa ta ci bango, wasu da wani ƙyalli kamar majinar yaro ta bushe a hannun riga. Ƙanzo dai, ƙanzon gindin tukunya. Wannan za a ɗauka hoto a gidana, a kai ma Turawa, su ce kakar yarinyar nan ba ta san toka ba?

Laraba, da walaha

Ta fita bakin gudron, titin kwalta, neman rezon salula. An yi tsafta a gidan nan yau.

Laraba, bayan la'asar

Toka da yashi ba su yi komi ba. Sai da na... sai da aka haɗa da dutsen kaushi, masu taurin kai kuma aka bi su da dutsen wasa wuƙa. Hannun wanda ya yi aikin har yanzu zafi yake. Amma sun fito baƙi wuluk, gwanin kyau.

Ta dawo ta tsaya bakin ƙofa. Ta dubi farantin.

"Iya, wa ya taɓa faranti?"

Na ce kaji sun shiga ɗakin ɗazu.

"Kajin ne suka jera su bisa tsumma suka shanya?"

Na ce kajin gidan nan suna da tarbiyya.

Ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki ɗaya ta juya, ta ɗauki wani. Ta zauna a ƙasa, da zanenta mai kyau. Ta ce a hankali, kamar mai yi ma marar lafiya magana: "Iya, ƙanzon shi ne karatun. Shi nike aunawa. Kowane ɗaya ya yi zaman shi cikin tanderu, wani yini, wani mako. Kaurin ɓawon nan da nauyin shi su ne abin da zan nuna. Yanzu kamar ba su taɓa ganin wuta ba."

Ƙarshen wata malamanta za su zauna, su gan ta ta salula. Wanda ya nuna aiki ya shiga shekarar ƙarshe. Wanda bai nuna ba a sallame shi. Tanderun yana can, ita tana nan.

Na ce, "To na ba ki gari. Na ba ki Maraɗi, da kasuwarta."

Ta ce, "Riƙe abinki, Iya."

Alhamis, da safe

Ba ta sha kunu ba.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Ta gaishe ni da "ina wuni, Hajiya." Hajiya! Yarinyar da tun tana rarrafe take ce mani tsohuwa mai ɓoye goro a ɗankwali. Gara ta zage ni.

Na ji tana gaya ma ubanta a salula wai in hanya ta buɗe ma ba ta ga abin komawa ba, za ta nemi koyarwa a lakwal, makarantar boko. Ban saurara ba, bangon ne ba shi da kauri.

Asabar, da yamma

An yi ruwa mai kyau. Gero ya ji daɗi. Shi kaɗai.

Litinin, da hantsi

Na dama fura da nono mai kauri, na shiga ɗakinta na zauna bisa ƙafafunta don kar ta gudu. Na ce ni na yi aji uku a lakwal kafin a fidda ni, sannan na yi yaƙi da jahilci har na ci kyautar bokiti, don haka a yi mani bayani kamar ma'aikaciya. Wace irin wuta ce tanderun nan da babu irinta a Tasawa?

Ta ce wutar da ke narka ƙusa.

Na ce, "Shi ke nan? Mijina kullum narka ƙusa yake."

Mijin nawa Gazali ne, jikan yayata, mai walda a bayan tasha. Ƙato ne mai mata da 'ya'ya, amma tun ranar sunan shi na ce nawa ne, kuma har yau bai kawo cefane ba.

Ta ce, "Iya, don Allah." Ta juya ma bango. Na ci gaba da shan furar da na kawo mata, da ƙarfi, don ta ji. Can sai ta juyo.

"Da kuran yake walda ko da shalimo?"

Na ce ban san sunanta ba, wata tiyo ce mai hura wuta shuɗiya tana huci kamar kububuwa.

Ta tashi zaune. Ta ce akwai manyan wurare da da irin wannan wutar suke gwada duwatsun, don ta fi kama da abin da hancin jirgi ke gamuwa da shi. Ta jawo jaka, ta fiddo wani ƙulli. Ashe akwai ɗanyu da ba a gasa ba, 'yan kaɗan, Allah ya ɓoye su daga kaji. Sai kuma ta sake kwanciya: ba ta da abin auna zafi, ba ta da ma'auni.

Amma ta karɓe kwanon furar daga hannuna. Ka rubuta wannan. Au, ni ce mai rubutu.

Talata, bayan azahar

Gazali ya ƙi. Wai tunda kuran ya tafi shi kaɗai ke walda a layin, ga garemani da amalanke jibge, damina ce, manoma na tsaye a kan shi. Wai iskar da ke cikin doguwar kwalbar nan daga Maraɗi ake kawo ta, kuma yanzu ba ta samuwa, ba zai ƙona ta a kan maɓalli ba. "Iya, ki yi haƙuri, in abubuwa sun lafa."

Na ce ba komi, angona.

Laraba, tun da safe har azahar

Na ɗauki tabarmata da goro na je na shimfiɗa a ƙofar garejin shi. Na ce matar gida ta zo tarewa. Duk wanda ya kawo gyara sai na ba shi labari kyauta. Na fara da ranar da zakara ya kori Gazali daga bakin rijiya har cikin zanena. Wani mutumin Gidan Amumune da ya kawo ƙafar amalanke ya ce a ƙara. Na ƙara da shekarar da muka riƙa shanya tabarmar shi kullum safe, maƙwabta suna tsammanin rini muke. 'Yan kabu-kabu suka kashe mashinansu suka matso.

"Iya, don girman Allah, ina da iyali."

Na ce saura labarin kaciya, shi ne mai daɗin, na aje shi sai mutane sun ƙaru.

Ya cire baƙin tabarau ya share fuska. "Jibi da safe. Ta zo da abin nata. Ki tashi."

Na ce sai na ƙarasa goro.

Alhamis, da la'asar

Ma'auni kuma ni na tuna. Alhaji Moctar, mai sayen zinari wurin yaran da ke dawowa daga arewa, yana da wani ɗan ma'auni cikin gidan gilashi wanda ke jin nauyin ƙwayar gero. Ni na yi ma uwar shi wankan jego, ba shi da bakin ƙi. Ya ce amma ma'aunin ba ya fita daga shago, sai dai a zo.

Muka je aka auna ɗanyun. Na leƙa in gani, sai lambobin suka hau rawa. Umaima ta ce, "Tsohuwa, numfashinki ya fi dutsen nauyi, ja baya."

Tsohuwa. Ka ji? Ta dawo hanya.

Zafin kuma ita ta yi dabara. Ta sa Gazali ya nemo ƙusa da tsohon bujin mashin, abin nan mai ba inji tartsatsi. Wai ƙusa na narkewa a zafi kaza, farin kaskon buji kuwa sai an wuce nan da nisa. In aka tsaida bakin wutar inda ƙusa ke zuba amma buji bai ko motsa ba, ta san tsakanin da take. Ta ce ba daidai ba ne sosai, amma za ta faɗa masu gaskiyar yadda ta yi.

Juma'a, da hantsi

Yau na ga abin da ban taɓa gani ba, kuma na ga fari sun rufe rana.

Ta kafa dutsen cikin wani tubali, ta auna tazara da zare, ta jingina salula tana ɗauka. An ba ni baƙin gilashi na riƙe a ido kamar matar gwamna. Ta ce ma Gazali ya ƙara iska, ya matso sannu sannu. Dutsen ya yi ja, ya yi ruwan ƙwai, ya yi fari har gilashin bai isa ba. Sai gefen wutar ya koma kore. Kore shar, kamar ganyen yakuwa!

Mutumin Gidan Amumune, da ya dawo karɓar ƙafar amalanken shi, ya ce a'uzubillahi ya bar takalmi ɗaya. Gazali na karanto duk addu'ar da ya sani. Ita kuwa tsalle take: "Shi ne! Iya, sinadarin bor na cikin dutsen ne ke fita, shi ke ba da kore! Riƙe nan, Gazali, kar ka motsa!"

Da lokaci ya cika ta ce a kashe. Ta juya ta duba salula. Shi kuma gwani, hannun shi ya yi abin da ya saba yi tun yana yaron gareji: ya ɗauki dutsen da awartaki ya tsoma a bokitin ruwa.

Ƙas! Ya tsage gida uku.

Umaima ta ɗora hannu a ka. Gazali ya ce, "Ai zafi gare shi, kar wani ya taka."

Allah ya gafarta mani, daɗi ya kama ni. Na ce, "Angona, sannu da zuwa. Da ma kaɗaici ya dame ni." Ta dube ni, ta dube shi, sai dariya ta ƙwace mata, tana yi tana share hawaye, ta ce mu dangin nan in muka ga abu sai mun wanke shi.

Saura ba su cika hannu ɗaya ba. Allurar kwalbar iskar kuma ta sunkuya.

Asabar, da safe

An ba ni aiki. Ni ce mai gadin bokiti. Na zauna a kan shi.

Asabar, bayan la'asar

An gasa biyu, sun huce da kansu bisa tubali kamar masu hankali. Ɗaya zalla ne, ɗaya an cuɗa shi da wani baƙin gari, ɗan'uwan abin da ake yin dutsen wasa wuƙa na kanti. Zallan ya fito da farin ɓawo mai burtsatsi, in ka taɓa yana zuba. Cuɗaɗɗen ya fito da ƙyallin nan da na kira majina. Ta ba ni madubin duba zinari da ta aro wurin Alhaji Moctar na duba. Ba majina ba ce. Sumul yake, ya bi ya toshe kowane rami, kamar an zuba ma ƙosai zuma.

Na ce, "Wannan na kankare?"

Na ce "na". Ta ji. Ta gyara mani ɗankwali.

Lahadi

Hadari tun safe, ba a kunna wuta ba. Rediyo na ta faɗar abubuwa. Mamudu ya kira ya ce mu sayi shinkafa mu aje. Umaima na rubutu, ta cinye mani rabin bik.

Litinin, da azahar

An gasa sauran. Iskar ta ƙare ana cikin na ƙarshe, wutar ta yi tari ta koma ja ta mutu. Ta ce za ta rubuta hakan. Gazali ya dubi kwalbar shi, ya dubi garemanin mutane. Ban yi mashi tsiya ba. Da yamma na aika mashi tuwo da miyar kuka da zakara guda, na ce a gaya mashi jikan wancan zakaran ne, ya rama.

Talata, da hantsi

Shagon Alhaji Moctar. An rufe ƙofa don iska, an ce in toshe baki da mayafi. Ta ɗora na farko. Ta dubi takardarta, ta dubi lambobi.

"Ya ƙaru."

Na biyu, ya ƙaru. Alhaji ya ce a sake, ma'aunin shi bai taɓa ƙarya ba, amma shi tun da yake bai ga abin da aka ƙona ya ƙaru ba, in haka ne a gwada mashi da zinari. Ta ce zinari ba ya shan iska, Alhaji, shi ya sa kuke son shi. Na ce ƙaruwar nawa ce? Ta ce kamar ƙwayar gero biyu ko uku. Na ce duk wannan tashin hankalin a kan abin da kaza ba za ta sunkuya ma ba?

Na yi guɗa duk da haka. Lambobin suka watse, aka kore ni waje. A waje na ƙarasa.

Alhamis, da yamma

Ta hana ni shara kusa da ɗakinta. Gwangwanin tana kwana da shi. An yi mani adalci.

Asabar, da walaha

Tana ta maimaita jawabinta da Faransanci gaban akuya. Akuyar ta fi ni haƙuri.

Litinin, bayan azahar

Yau ce.

Rezo ya fi ƙarfi bisa soron Alhaji Moctar, can muka hau, da salula cike da wutar faranti mai shan rana. An ce in zauna ƙasa. Na hau. Na sa leshina na biki, na zauna gefe inda ba a gani, wai.

Fuskoki uku cikin salula, mace ɗaya mai farin gashi, ita ce malamar. Umaima ta yi ta zuba, ta nuna masu koren wuta, ta nuna ƙusa da buji, ta ɗaga duwatsun ɗaya ɗaya. Wani mai gemu ya yi ta jefo tambaya yana girgiza kai, har na fara neman abin jifa. Rezo ya yanke ana tsakiya. Ta ɗaga salula sama kamar mai roƙon ruwa, ya dawo. Sai na ji an yi tambaya, Umaima ta saci kallona. Faransancina na aji uku ya tsufa, amma na san "garan-mer", wato kaka. Na ji ta faɗe shi, na ga ta kwatanta da hannu yadda ake gurza tukunya.

Mai gemun ya cire tabarau ya kifa kai bisa tebur, kafaɗun shi na rawa.

Malamar ta ce a nuna mata ni. Na gyara zama na ce, "Bonjur madam, sa ba?" Ta yi magana mai tsawo. Umaima ta ce wai tana gaishe ni, kuma wai in na zo ƙasarsu kar a bar ni in shiga ɗakin aikinsu. Na ce a gaya mata in ɗakin ya yi kama da duwatsun, yana buƙatata.

Suka kashe murya suka yi shawara. Umaima ta riƙe hannuna, wanda ya yi aikin, ta matse har zoben ya shige mani.

Ta wuce. Sun ce zafin da aka auna da ƙusa ba zai shiga littafi haka nan ba, in hanya ta buɗe za ta sake da na'ura, waɗanda kaji suka wanke kuma sai ta gasa wasu daga farko, zai ƙara mata watanni. Amma ta wuce, kuma mai gemun da kan shi ya ce a buɗe babi guda na wutar shalimo.

Na yi guɗa daga bisa soro. Kasuwa ta ɗauka hanya aka buɗe, har wani ya fara ɗaure kaya.

Talata, da safe

Ta cinye kunu, ta sa hannu ta kwance mani goro daga ɗankwali ba ta tambaya ba. Gazali ya aiko a tambaya ko sunan shi zai shiga littafin. Ta ce zai shiga. Na ce nawa fa? Ta ce za a rubuta cewa in ba don wata tsohuwa ba da an gama tun bara. Na ce a dai rubuta sunan daidai.

Jirgi bai fara tashi ba. Kuran na leƙowa ya koma. Ban ba kowa gari ba, kuma na gano da idona, ta bayan baƙin gilashi. Kai ma riƙe garinka, ga amsa.

Dutsen Umaima ne. Sunan shi diborur na zirkoniyom, cuɗe da karbur na silisiyom. In ya yi zafin narka ƙusa cikin iska, fatar shi na shan iskar, nauyin iskar da ya sha shi ne ƙaruwar shi. Wani sashe na fatar ya zama farin ɓawo, wani ya narke ya zama gilashi, gilashin ya bi ramukan ɓawon ya toshe, iska ta rasa hanyar shiga ciki. Wannan gilashin shi ne rigar, kuma ba a kankare ta.